Yadda ake tantance yara marasa lafiya tun daga ƙofar asibiti

A yawancin asibitocinmu, wanda ya riga zuwa shi ake fara gani. Uwar da ta yi sammako ta kama layi tun bayan asuba ita ce ta ɗaya, ko da ƙaiƙayin kunne ne ya kawo ɗanta. Wadda ta taso daga ƙauye a bayan babur ta iso ƙarfe goma da yaro yana numfashi sama-sama, ita ce ta tamanin. A banki ko gidan mai wannan adalci ne. A sashen yara kuwa yana cin rai, domin da yawa daga yaran da ke rasuwa a asibiti suna rasuwa ne cikin awa 24 na farko da isowarsu, wasu ma a kan benci, a goye, kafin a kira lambarsu.

Gyaran wannan bai buƙatar sabon gini. A babban asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Bilantaya a ƙasar Malawi, a farkon shekarun 2000, Farfesa Elizabeth Molyneux da abokan aikinta sun sake tsarin karɓar yara: aka horar da ma'aikata su tantance kowane yaro da isowarsa, aka gyara wurin taimakon gaggawa, aka sa ƙwararrun likitoci su riƙa zama a wurin. Rahoton da suka fitar a 2006 ya nuna mace-macen yaran da aka kwantar ya sauka daga kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari ya koma kashi 6 zuwa 8. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin horo a kan wannan tsari a 2005, wanda ake kira ETAT, ta kuma sabunta wasu sassansa a 2016. Abin da ke tafe a nan shi ne yadda shugaban sashen yara, ko babbar nas, ko mai kula da ƙaramin asibitin karkara zai kafa shi a inda yake.

Mataki na farko: ka bi sawun uwa ɗaya

Kafin ka taɓa komai, ka zo da safe ranar da aka fi cika, ranar Litinin ko ranar kasuwar garin, ka tsaya a bakin get. Zaɓi uwa ɗaya ka bi ta da ido. Za ka ga ta tsaya wurin mai gadi, ta wuce tagar yankan kati, an tura ta wurin biyan kuɗi, ta dawo an nemo fayil, ta zauna a benci, sannan aka kira ta awon nauyi. Ka rubuta lokacin da ta shigo da lokacin da wani ma'aikacin lafiya ya fara ɗaga mayafi ya kalli fuskar yaron. Wannan tazarar ita ce abin da kake son ka rage. Ka yi haka ga iyaye goma ko ashirin, ka ajiye takardar, don da ita za ka gwada ci gaba nan da wata uku. Da ita kuma za ka shiga ofishin shugaban asibiti, domin lissafin da aka yi a harabarsa ya fi kama shi a kan labarin Malawi.

Mataki na biyu: a ga yaro kafin a ga kati

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka, kuma a nan ake samun turjiya. Teburin tantancewa dole ya kasance gaban tagar kati da ta kuɗi, a inda duk mai shigowa sai ya bi ta gabansa. Wurin ya zama mai haske, don ba a gane ɗashewar tafin hannu ko canjin launin leɓe a cikin duhun baranda. Masu karɓar kuɗi za su ce za a riƙa sulalewa ba a biya ba. Amsar ita ce a rubuta doka a fili, shugaban asibiti ya sa hannu: yaron da ke da alamar gaggawa ana fara yi masa magani, katinsa da kuɗinsa su biyo baya, ɗan rakiya ya je ya yi ta su. Idan dokar ba a rubuce take ba, nas ba za ta yarda ta ɗauki kasadar a cire mata a albashi ba, kuma ba za a ga laifinta ba.

Wa zai zauna a teburin? Kuskuren da aka saba yi shi ne a ajiye ɗaliba ko sabuwar ma'aikaciya, a ce ai kallo ne kawai. Kallon nan shi ne aiki mafi wuya a sashen. A sa nas ko jami'in lafiya wanda ya daɗe yana ganin yara, a ba shi mataimaki, a kuma tsara wanda zai canje shi idan ya tashi salla ko cin abinci. Teburin da ke zama babu kowa na rabin awa bai da maraba da wanda ba a kafa ba.

Sannan a horar da waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba. Mai gadi, mai yankan kati, mai shara, mai tura keken marasa lafiya, su ne ke fara ganin yaro, musamman da dare. Ba a ce su gano cuta ba. A koya musu abu huɗu kacal: yaron da ke jijjiga, yaron da ya suma ko ba ya farkawa, yaron da ke fama da numfashi, da jaririn da bai kai wata biyu ba. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki, ya kama hanya da uwar zuwa ciki, babu tambayar kati.

Mataki na uku: kallon daƙiƙa ashirin

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wanda ya goge yana raba yaron da ba shi da alamar haɗari cikin daƙiƙa 15 zuwa 20. Sai dai fa sai an ga yaron. A kwance goyo, a ɗaga hijabi, a buɗe ƙirji. Yaron da ke lulluɓe a bayan uwarsa, ta ce barci yake, ba a tantance shi ba tukuna. Sau da yawa wanda ke tsala ihu ya cika ɗaki ba shi ne abin tsoro ba. Wanda ya yi lamo, wuyansa ya langaɓe, shi za a fara dubawa.

Ana bin abubuwan a jere, kuma jerin ba ya canzawa. Da fari numfashi. Yana numfashi kuwa? Akwai ƙara kamar an shaƙe shi? Harshe da cikin leɓe sun koma shuɗi-shuɗi? Ƙirji na lotsawa sosai, yana nishi, kansa na kaɗawa tare da kowane numfashi, ya kasa shan nono saboda haki? Ko ɗaya daga waɗannan ya isa.

Na biyu gudun jini. Ka kama hannun yaron. Idan da ɗumi, wuce. Idan da sanyi, ka danna farcen babban yatsa na daƙiƙa uku har ya yi fari, ka saki, ka ƙirga. Idan jan bai dawo ba sai bayan daƙiƙa uku, ka taɓa jijiyar wuyan hannu. Hannu mai sanyi, jinkirin dawowar jini, da bugu mai sauri marar ƙarfi, idan ukun suka haɗu jini ya gaza zagaya jiki yadda ya kamata. A lokacin hunturu hannun yara da yawa kan yi sanyi ba don ciwo ba, shi ya sa ba a yanke hukunci da alama ɗaya.

Na uku hayyaci. Idonsa biyu yana kallon mutane? Idan ba haka ba, uwar ta kira sunansa. Idan bai motsa ba, a ɗan matsa masa farce ko a ja gashin goshinsa. Wanda sai da zafi yake motsi, ko ba ya motsi sam, na gaggawa ne. Haka wanda ke jijjiga a gabanka. A lura, a jikin jarirai jijjiga ba ta cika zuwa da karkarwar jiki duka ba. Wani lokaci ƙiftawar ido ce ba ƙaƙƙautawa, ko taune-taunen baki, ko yatsa ɗaya da ke ta motsi.

Na huɗu, idan akwai gudawa, a duba abu uku: ya galabaita, idanu sun zurma, kuma idan aka tsunkuli fatar ciki aka saki tana ɗaukar fiye da daƙiƙa biyu kafin ta koma. Biyu daga cikin ukun na nufin ruwan jiki ya ƙare sosai.

Ana raba yaran launi uku: ja, rawaya da kore. Duk yaron da ke da ɗaya daga waɗannan, ja ne, wato na gaggawa. Ba a ci gaba da tambaya, ba a aika shi awon nauyi a wani ɗaki. A ɗauke shi a kira taimako.

Idan babu ko ɗaya, sai a nemi alamomin fifiko, wato yaran da ba sa bakin mutuwa yanzu amma ba za su jure zaman awa huɗu ba. Jariri ƙasa da wata biyu, kome ya kawo shi. Jiki da ya yi zafi rau. Rauni daga haɗari ko faɗuwa. Tafin hannu da ya yi fari fat, wanda a damina yawanci zazzaɓin cizon sauro ne ya shanye jini. Wanda ya sha guba, ko kananzir da aka zuba a robar ruwa, ko maganin ƙwari. Ciwo mai tsanani, kuma a nan a tuna da masu sikila, waɗanda muke da su da yawa, kuma sukan daure har a raina abin da ke damunsu. Wahalar numfashi da ba ta kai ta gaggawa ba. Yaron da ya ƙi natsuwa ko ya yi laushi. Wanda aka turo da takarda daga wani asibiti. Ramar tamowa da ake gani da ido, ko kumburin ƙafafu biyu. Ƙuna mai faɗi. Waɗannan rawaya ne, suna zama a bencin gaba. Sauran kore ne, su bi layi.

Kayan teburin ba su da yawa: ma'aunin zafi, agogo mai nuna daƙiƙa, tef ɗin awon damtse, sikeli, da ɗan na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini. Damtsen da bai kai santimita 11.5 ba a yaro mai wata 6 zuwa shekara 5 tamowa ce mai tsanani. Numfashi kuwa ana ƙirga shi minti guda cur: 60 ko fiye ga jariri ƙasa da wata biyu, 50 ga mai wata 2 zuwa 11, 40 ga mai shekara 1 zuwa 5, duk sauri ne. Na'urar yatsa idan ta nuna ƙasa da 90, yaron na buƙatar oksijin ko da idonka ya ce lafiya yake. A nemi mai bakin da ya dace da yatsan yara, don ta manya kan ba da lamba ta ƙarya a yatsan jariri.

Mataki na huɗu: alamar ta bi yaron

Launin da ke cikin kan nas kaɗai ba ya amfanar kowa. A sa shi a inda kowa zai gani: hatimi a kan kati, ko ɗan kwali mai launi da aka lulluɓe da leda, tare da rubuta lokacin isowa. Benci ma a raba su, na rawaya kusa da ƙofar likita inda nas za ta riƙa ganinsu. Likita kuma ya daina ɗaukar fayil na saman tari. Mai kira ya miƙa masa rawaya tukuna.

A ware kuma wani lungu mai iska don masu ƙuraje da zazzaɓi, da masu ciwon maƙogwaro da kumburin wuya. Ƙyanda na yaɗuwa a ɗakin jira fiye da yadda ake zato, kuma wanda ya ga yadda mashaƙo ta yi a Kano da maƙwabtanta daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Mataki na biyar: inda za a kai ja

Tantancewa ba ta da amfani idan an gano yaron sannan aka rasa abin yi masa. Ana buƙatar gado ɗaya ko biyu, taku kaɗan daga teburin, ba a can ƙarshen asibiti ba. A wurin a sami jakar hura numfashi da abin rufe fuska na jarirai da na yara, na'urar zuƙe majina, oksijin da bututun hanci, na'urar awon sukari da tsinkayenta, ruwan sukari mai kashi 10, diyazifam na tsayar da jijjiga, allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro, ruwan ƙari, kanula ƙanana (allurar roba da ake ɗaura ruwa da ita), da bututun ciyarwa ta hanci. A liƙa jadawalin awon magani bisa nauyi a bango, da manyan haruffa, don ba a lissafi da ka a lokacin ruɗani. Kowace safiya mutum ɗaya, wanda aka ambaci sunansa a jadawalin aiki, ya duba akwatin ya sa hannu. Kuma kada a kulle shi a tafi da makulli gida. Idan injin oksijin na lantarki ne, a tanadi tukunyar gas ko batir mai hasken rana, don kowa ya san halin wutarmu.

Wasu abubuwa kaɗan ne ke ceton mafi yawan rayuka a wannan gado. Duk yaron da ya suma ko yake jijjiga a auna sukarinsa, idan babu abin awo a ba shi kawai: ruwan sukari mai kashi 10, mililita 5 ga kowane kilo, ta jijiya, jariri sabon haihuwa kuma mililita 2. A kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. Jaririn da ya shaƙe da gyaɗa ko wani abu, a kifa shi a kan hannu kansa ƙasa, a buga bayansa sau biyar, a juyo shi a danna ƙirji sau biyar. Wanda ya sha kananzir kada a sa shi amai, ko da an riga an ɗura masa manja a gida, domin aman ne ke kai shi huhu.

Ƙarin ruwa yana buƙatar taka-tsantsan na musamman. A da ana koyar da cewa duk yaro mai zazzaɓi da hannu mai sanyi a sakar masa ruwa da gudu. Wani babban bincike da aka yi a Kenya da Yuganda da Tanzaniya a kan yara sama da 3,000, aka fitar a 2011, ya nuna waɗanda aka yi wa haka sun fi mutuwa a kan waɗanda ba a yi wa ba. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce sai alamomin nan uku na gudun jini sun haɗu, wato hannu mai sanyi, jinkirin dawowar jini da bugu mai sauri marar ƙarfi, kuma a ba da shi a hankali ana dubawa. Wannan bai shafi mai gudawa da ruwan jikinsa ya ƙare ba, shi yana buƙatar ruwansa. Mai tamowa kuma zuciyarsa ba ta ɗaukar ruwa da yawa, don haka kafin a ɗaura wa kowane yaro ruwa a kalli damtsensa da ƙafafunsa.

Mataki na shida: a yi wa layin magana, a kuma riƙa zaga shi

Iyaye ba za su yi shiru suna kallo ana wuce da wadda ta zo bayansu ba, sai in sun san dalili. Kowace safiya, da kuma duk lokacin da benci ya sake cika, wani ya tsaya ya yi bayani da murya mai daɗi: "Iyayena, sannunku da zuwa, ya masu jiki? A nan ba wanda ya riga zuwa muke fara gani ba, wanda ciwonsa ya fi tsanani muke fara gani. In kun ga an wuce da wata, ba alfarma ba ce, ɗanta ne ke cikin haɗari. Ke ma in naki ya canza, ya fara jijjiga, ko ya ƙi shan nono, ko numfashinsa ya sauya, kada ki ji kunya, ki taso ki same ni." Mata da yawa kara ke hana su tashi, musamman mai ɗan fari da ta zo tare da uwar miji. Sai an ba su izini a fili.

Maganar nan kuwa tana tsayawa ne idan ma'aikata ba su karya ta da kansu ba. Ranar da aka ga an shigar da ɗan wani babba ko ɗan maƙwabciyar nas da mura alhali masu rawaya na zaune, an gama da amanar layin. Wannan sai shugaban sashe ya tsaya a kai da kansa, don ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ce wa mai babbar riga ya jira.

Kore da safe yana iya zama ja da hantsi. Yaro mai gudawa yana ci gaba da zubar da ruwa a kan benci, mai zazzaɓi yana iya fara jijjiga. Don haka kowane rabin awa zuwa awa guda mataimakin ya bi benci-benci yana ɗaga mayafi. A wannan zagayen ake rage aiki ma: a ba mai zafin jiki farasitamol, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro na yatsa tun kafin ya shiga wurin likita, a zaunar da masu gudawa a lungun da aka ajiye ruwan gishiri da sukari da kofi da cokali, uwa na ba shi kaɗan-kaɗan. A ƙarfafa wa masu shayarwa su ci gaba da ba da nono, don yaron da ya wuni a layi ba ci sukarinsa na faɗuwa.

Mataki na bakwai: dare, ƙarshen mako, da damina

Tsari da yawa na aiki daga takwas na safe zuwa biyu na rana, Litinin zuwa Juma'a, sannan ya mutu. Yaran da suka fi jin jiki kuwa sukan iso da yamma ko tsakar dare, bayan an gwada na kemis da jiƙo an gaji. A jadawalin kowane dare a rubuta sunan mai tantancewa, kuma mai gadin dare ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa, a ƙara mutum na biyu a teburin, a kuma yi magana da ɗakin ajiyar jini tun kafin lokacin. A bazara kuma a sa ido kan sanƙarau.

Ƙaramin asibitin da ba ya kwantarwa shi ma yana tantancewa, sai dai nasa ja yana nufin a ba da taimakon farko a tura gaba. A ba da sukari, a tsayar da jijjiga, a sa atesunet ta dubura ga yaro ƙasa da shekara 6 da ake zargin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani idan babu allura, a rubuta abin da aka bayar da lokacinsa, a buga waya can a ce ga shi nan tafe.

Mataki na takwas: horo da bita

Kwas na kwana uku ko huɗu a otal ba ya wadatarwa, domin kafin a daɗe akan yi wa wasu daga waɗanda aka horar canjin wurin aiki. Abin da ke riƙe tsarin shi ne atisaye gajere a cikin sashen: minti ashirin a mako, da 'yar tsana, wani ya shigo da gudu ya ce ga yaro ba ya numfashi, a ga minti nawa za a ɗauka kafin a samo jakar hura iska. Duk sabon ma'aikaci ko ɗan bautar ƙasa ya yi kwana biyu a gefen mai tantancewa kafin a bar shi shi kaɗai.

A ƙarshen kowane wata a zauna da rajista. Yara nawa aka tantance cikin waɗanda suka zo? Minti nawa ja ya yi kafin a fara masa magani, rawaya kuma kafin ya ga likita? Sannan a ɗauko fayil ɗin duk yaron da ya rasu cikin awa 24 da isowa, a bi shi daga get: wane launi aka ba shi, wa ya gan shi, me aka rasa. Zaman ba na neman mai laifi ba ne, don idan ya koma haka za a fara gyara rubutu a fayil kafin a kawo shi. A fita da gyara ɗaya ko biyu, kowanne da sunan wanda zai yi da ranar da zai kammala, kuma zaman wata mai zuwa ya fara da tambayar ko an yi. Idan aka ga kusan rabin layi ana ba su rawaya, to mai tantancewa na jin tsoro ne yana tura kowa gaba, sai babba ya zauna kusa da shi na 'yan kwanaki su riƙa dubawa tare har hannunsa ya faɗa.